Wane dalili ne ke riƙe mutum a aikin gashin ƙashi (fisiyo)?

Ka ce da ni: "Malam, ni tausayin marasa lafiya ne ya kawo ni aikin nan, wasu abokaina kuma rashin samun gurbin karatun likita. Wanne ne a ciki zai riƙe mutum?"

Ɗana, babu ko ɗaya. Mai tausayi zalla, da ya ga majinyaci ya yamutsa fuska sai ya saki gwiwar da yake lanƙwasa masa, bayan wata biyu ta ƙage ba ta lanƙwasuwa. Wanda kuma ya shigo don ya rasa gurbin likita, in bai sake niyya ba, shekara biyar ko shida ta jami'a da shekara ɗaya ta horon asibiti, kafin hukumar MRTB mai kula da wannan aikin ta ba shi cikakken lasisi, duk zai yi su hankalinsa na wani wuri. Wanda ke daɗewa a aikin nan shi ne mai jin daɗin sauƙin da ba ya ganuwa sai an auna.

Ƙarfin tsoka muna auna shi daga 0 zuwa 5. A 0 babu motsi ko kaɗan. A 1 za ka ji tsokar na ɗan harbawa ƙarƙashin yatsanka, amma gaɓar ba ta gusa ba. A 2 yana iya jan hannun a kan shimfiɗa, a 3 yana ɗaga shi sama da kansa, a 4 yana ɗagawa ko da ka ɗan danne, 5 kuma lafiya lau. Daga 2 zuwa 3 ana iya cin makonni. 'Yan uwa za su ce ba su ga canji ba, kai kuwa ka san wannan matakin ne zai sa ya kai loma baki da hannunsa. In irin wannan bai faranta maka rai ba, aikin zai gundure ka.

Ɗauki mai shanyewar ɓarin jiki, wanda za ka riƙa gani sosai a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) ko Asibitin Ƙwararru na nan Sakkwato, galibi sanadin hawan jini. Kafin ka taɓa shi, auna jininsa. A juya shi duk bayan awa biyu, domin ƙugu da diddige da gindin baya su ne ke fara gyambo, ga zafin garin nan da gumi suna ƙara lalata fata. Hannun da ya shanye a ɗora shi kan matashi, kada ya yi lilo. Babbar ɓarnar da ake yi a gida ita ce a kama wannan hannun a ja don a tayar da shi zaune. Tsokar da ke riƙe kafaɗa ta saki, kan ƙashin sai ya zame daga gurbinsa, ciwo ya biyo baya, daga nan ba zai ƙara yarda a motsa hannun ba. A tallafe shi ta bayan allon kafaɗa da ƙugu. Tsarin kuma ba a tsallake shi: juyawa a gado, zama ba jingina, tashi daga zaune, tsayuwa da raba nauyi a ƙafa biyu, sannan taku. Mafi yawan farfaɗowa na zuwa ne cikin wata uku zuwa shida na farko, shi ya sa wanda aka ajiye a ɗaki sai bayan shekara aka kawo shi yake ba mu wahala.

Mutane da yawa suna zuwa da tunanin a sa musu zafi kawai su tafi. Zafi share fage ne, minti 15 zuwa 20, da tawul ninki shida zuwa takwas tsakaninsa da fata, motsa gaɓar shi ne maganin. Kada ka sa shi a inda majinyaci ba ya jin taɓi, kamar ƙafar mai ciwon suga da ya daɗe, domin zai ƙone bai sani ba. Sabon kumburi ma ba a gasa shi.

Tambayi kowa abin da yake so ya koma yi. Littafi zai ce maka gwiwa in ta lanƙwashe digiri 110 ta isa tashi daga kujera. Mutuminka kuwa zaman tahiya yake nema da tsuguno, waɗannan kuma sai ta haura 140. Tsoho ba zai yi atisaye don lambar da ke takardarka ba, amma zai yi don ya daina salla a kan kujera.

Za ka riƙa karɓar yaran da aka yi wa ɗori aka matse karan da yawa. In yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, yaro na ihu da an miƙe su, wannan ba naka ba ne: a kwance ɗaurin, a kai shi wurin likitan ƙashi a take, domin cikin awanni tsokar ke mutuwa, hannun ya dunƙule har abada. Kada ka tsaya zagin maɗorin a gaban iyayen, ba za su dawo ba. Akwai kuma yaron da allurar ɗuwawu ta taɓa masa jijiya yana jan ƙafa, da matar da doguwar naƙuda ta bar ta da irin wannan, da yaran Asibitin Noma, wato na cutar nan mai cin naman baki da fuska, waɗanda muƙamuƙinsu ya ƙage, ana buɗe bakin kaɗan kaɗan ana aunawa da milimita.

Duk waɗannan, awa ɗaya suke yi a hannunka, sauran yinin suna gida. Saboda haka ka koya wa mai jinya atisaye uku kacal, ka sa ya yi a gabanka har ya iya. Ranar da suka dawo, kafin ka fara komai, ka ce ya sake nuna maka.