Za a iya sa wa teburin keken ɗinki mai dogon hannu haidirolik?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Jidda, sana'ata ɗinkin mayafin gado mai auduga a tsakiya, kuma ina aiki da keke mai dogon hannu wanda ke kan tebur mai tsawon ƙafa 12. Ni da 'yata muke karɓa-karɓa a kansa, ita doguwa ce ni kuwa gajera, ga shi bayana ya fara damuna saboda tsayuwa. Shin za a iya sa wa teburin haidirolik, wato na'urar da ke ɗaga kaya da ƙarfin mai, ya riƙa hawa da sauka, ko sai na sayi sabo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Za a iya, kuma ba sai kin sayi sabon tebur ba, amma aikin yana da sharaɗin da idan aka saɓa shi gara a bar teburin yadda yake. Sharaɗin shi ne ƙafafun su tashi tare, su sauka tare, ba tare da wata ta riga wata ba.

Dalili kuwa yana cikin yadda aka ƙera keken. Kansa yana zaune ne a kan tayoyi masu bin layin ƙarfe, an kuma yi su da santsi da gangan domin hannu ya tura shi ko'ina ba wahala. Da zarar gefe ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo, ko da kaɗan ne, za ki saki hannu ki ga keken yana gangarawa da kansa, sannan duk da'irar da kika zana sai ta fito a karkace saboda kina kokawa da nauyinsa ba ki sani ba. Idan kuma kusurwa ɗaya ce ta yi sama, firam ɗin zai murɗe, sandunan da ake naɗe yadi a kansu su daina tafiya daidai da juna, bayan mayafin ya riƙa tattarewa.

Wannan ne ya sa ba na goyon bayan shawarar da za ki iya ji a sana'iyya, wato unguwar makanikai da masu walda, cewa a ɗaura jak ɗin mota a kowace ƙafa, ko a haɗa silinda huɗu (bututun ƙarfe ne da mai ke tura sandar cikinsa sama) da famfo ɗaya ta tiyo mai rassa. Mai a cikin tiyo yana bin inda nauyi ya fi sauƙi ne, to tunda kan keken kullum yana wani gefe, gefen da babu shi ne zai fara tashi ya bar ɗayan a ƙasa. Abin da ya dace shi ne tsarin da aka yi domin teburan aiki, irin Movotec na kamfanin Suspa na Jamus, ko na Ergoswiss na ƙasar Suwizalan. A cikin famfonsu kowace silinda tana da nata ɗakin mai da nata tiyo, kuma sanda ɗaya ce ke tura su gaba ɗaya, saboda haka adadin man da ya shiga wannan ƙafa shi ne ya shiga waccan, ko ina nauyi yake.

Akwai wani hali na irin wannan tsari da ya kamata ki sani tun kafin saye: mai ne ke ɗaga teburin, amma nauyin teburin ne ke mayar da shi ƙasa. Idan wata ƙafa ta cije, ko ba ta ɗauke da nauyi sosai, za ta tsaya a sama sauran su sauka. Haka kuma silindar ƙarfinta na turawa sama ne kawai, ba ta jure a tura ta gefe, alhali keken yana jijjiga teburin duk lokacin da allura ke gudu. Don haka a sayi wadda ta zo a cikin gidanta na alminiyom wanda ake ɗaurewa da noti a jikin ƙafar, a kuma tabbatar kowace ta tsaya cak a miƙe. Idan ƙafafun teburin sirara ne, mai walda ya fara ƙara musu ƙarfen tokare tukuna. Ki leƙa ƙarƙashi kuma, domin wasu tebura masu tsawon ƙafa 12 suna da ƙafafu a tsakiya, irinsu silinda 6 suke buƙata, in ba haka ba tsakiyar za ta lotsa.

Game da awo, ki haɗa nauyin teburin da na keken da na mayafi mafi nauyi da kike ɗorawa, sannan ki zaɓi tsarin da ƙarfinsa ya haura haka da rata. Tazarar hawa ta santimita 20 zuwa 30 ta wadatar tsakaninki da 'yarki. Tsawon da ya dace da kowaccenku shi ne inda za ta kama hannun keken gwiwar hannunta na lanƙwashe daidai, kafaɗunta a sake. Ki lura cewa wasu silindu suna ƙara wa tebur tsawo ko da an sauke su ƙasa duka, kuma ke ce gajerar, don haka a auna wannan da ke a tsaye.

Tsakanin famfo mai hannun juyawa da mai injin lantarki, ni na fi son na hannu ga mutum biyu da ke canji sau ɗaya ko biyu a rana, domin ya fi araha kuma ba shi da abin ƙonewa. Idan bayan naki ba zai bar ki ki sunkuya ki juya ba, ki ɗauki na lantarkin, amma ki duba wutarsa. Wanda aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 120 ne, Saudiyya kuwa ta koma 230, ga kuma tsofaffin gidaje a Jidda da har yanzu ake samun soket na 127 a cikinsu.

Wajen haɗawa, kada a yanke tiyo ko a kwance shi, domin yawanci a cike da mai yake zuwa, kuma iska in ta shiga ƙafar za ta riƙa yin laushi. A naɗe rarar a hankali ba tare da an karya shi ba, a ɗaure nesa da tayoyi, a kuma bar wa wayoyin keken sarari yadda ba za su tsinke ba idan teburin ya kai ƙarshen hawansa. In akwai jikoki a gidan, a cire hannun juyawar bayan aiki. Idan keken yana cikin garanti, ki tambayi dillalin kafin a huda ƙafa ko ɗaya. Bayan an gama, a ɗora ma'aunin magina mai kumfa a kan layin ƙarfen lokacin da teburin yake ƙasa, da tsakiya, da can sama, sannan ki ajiye kan keken a wurare daban-daban ki sake shi. Idan ya motsa da kansa, a sake daidaita ƙafafun kafin ki ɗora yadi.