Koya wa ɗalibai yadda roka ke tashi

Malam, ka tambaya ta ina za ka fara koya wa ɗalibanka na sakandare a Bauchi tsara roka. Fara da dokar Newton ta uku: abin da roka ta feso baya shi ke ingiza ta gaba. Samo gorar lemo ta roba, zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, toshe bakin, ku ɗura iska da famfon keke a filin ƙwallo, kowa ya ja baya, har iskar ta ture abin da aka toshe bakin da shi, ruwan ya feso baya, gorar ta tashi. Daidaito ne ke rikita yara: nauyi ya rinjaya wajen kai, fukafukan kwali a gindin rokar, wato wajen bakin gorar, in ba haka ba sai ta yi ta wuntsilawa. Su harba a kusurwa mai digiri 45 da mai digiri 60, su auna nisa. Albarushi kam, don Allah kada ya shigo makaranta.