Ku Tambaya, Mu Amsa: Labaran Tarihi da na Almara

Tambaya: Ina so in fara karanta ƙagaggun labarai na tarihi da na almara, amma duk wanda na ɗauka sai in ajiye kafin in kai rabi. Da wa zan fara?

Amsa: Yawanci ƙofar shiga ce ake kuskurewa. A ɓangaren almara, fara da The Hobbit na Tolkien (1937), kafin The Lord of the Rings mai juzu'i 3. Kada ka taɓa The Silmarillion tukuna, sunaye da salsalar zuri'a za su kashe maka jiki. Ursula Le Guin ma ta dace da sabon shiga: A Wizard of Earthsea (1968) gajere ne.

A tarihi, Wolf Hall na Hilary Mantel (2009) ya bi rayuwar Thomas Cromwell a fadar Sarki Henry na 8 na Ingila. Gwanin littafi ne, sai dai yana da tarko: masu suna Thomas sun yi yawa, kuma in marubuciyar ta ce "shi" ba tare da suna ba, galibi Cromwell take nufi. Sa takarda a shafin jerin sunaye da ke farko, ka riƙa leƙawa. Ségou na Maryse Condé (1984) kuwa daular Bambara ta ƙasar Mali ya ɗauka.

In kana son tarihi da almara a haɗe, nemi Ganɗoki na Bello Kagara (1934), inda yaƙin zuwan Turawa ya gangara har duniyar aljannu.