Ga mai moto na Marwa da ya yi tambaya kan faɗa da iyali

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tun daren jiya na ga tambayarka. Ka ce moto, wato babur ɗin haya, kake ja a Marwa ta ƙasar Kamaru, a titi lafiya lau kake da kowa, amma da ka sa ƙafa a gida abu kaɗan sai ka rufe matarka da faɗa, har ka fara zargin ko hannu aka sa muku. Waɗanda suka ce ka riƙe addu'a ba su yi ƙarya ba, ka riƙe. Ni dai nawa zan ba ka, don ciwon nan na san shi.

Injin niƙa gare ni a nan Garwa. Daga hantsi har gab da magariba ina tsaye a gindinsa, dawa, masara, gero. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, rumfar kwanon nan ba ta da maraba da tanda. In na kashe inji kunnena bai san an kashe ba, haka zan tafi gida yana ta shuuu.

Wata rana ina shiga, ƙaramar 'yata ta saki murfin tukunya a kan siminti. Tsawar da na daka mata har maƙwabta sai da suka leƙo. Kwana biyu bayan nan na yi sallama, sai na hangi ƙafafunta a bayan randa, ta maƙale tana jiran in wuce ɗaki. Da dare uwargida ta ce, "Malam, kai da injinka kuke shigo mana gidan nan." Na ji haushi, amma na rasa ta cewa.

Wani ma'aikacin jinya da nake niƙa wa iyalinsa hatsi shi ya warware mini. Ya ce jikin da ya wuni cikin ƙara da rana da hayaƙi a shirye yake kamar za a yi dambe: zuciya na gudu, numfashi a sama-sama, kafaɗa a ɗaure. Jikin bai san bambancin odar babbar mota da kukan jariri ba. Kai a titi kana dannewa saboda fasinja kuɗi ne, to a gida wa za ka ji tsoro? Shi ya sa fushin yake sauka a kan wadda ba ta ci ba ba ta sha ba.

Yanzu ba na faɗawa cikin gida kai tsaye. Akwai darbejiya a ƙofarmu da ɗan dakali. Nan nake zama kamar minti 20, waya a aljihu, rediyo a kashe. Yaro ya miƙo mini buta da ruwan randa, in wanke fuska da wuya da bayan kunne, sau da yawa in zarce da alwala. Ruwan sanyi a fuska yana rage gudun zuciya, wannan a jikina na ji kafin a gaya mini. Sai numfashi: in shaƙa ta hanci ina ƙirga huɗu, in fitar a hankali ina ƙirga shida. Fitarwar ce mai aikin, don a lokacinta ne bugun zuciya ke lafawa. Mutum a zaune yakan yi numfashi 12 zuwa 20 a minti ɗaya, wannan ƙirgen yana sauko da shi wajen 6. Ranar farko sai na ji kamar ina wasan yara, har wani maƙwabci ya tambaye ni ko asma ce ta kama ni.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ai mun taso muna jin hadisin da ya ce wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa.

Shayi kuwa, a nan za mu ɓata da kai, na san ku 'yan moto. Na farko, na biyu, na uku, ga goro a kumatu. Sinadarin da ke cikinsu mai hana barci yakan kai awa 5 rabinsa bai bar jiki ba. Ka sha bayan la'asar, ka kwanta ga zafi, a ɗauke wuta in ruwan madatsar Lagdo mai ba mu lantarki ya ja baya, ka wayi gari da guntun barci. Na mai da shayina na safe kaɗai. A wurin aiki kuma ina toshe kunne, na fara da auduga, daga baya na sayi na roba a kantin magani. Kai ban ce ka toshe naka a kan titi ba.

Sai ka zauna da matarka ranar da kuke cikin daɗi, ba ranar rigima ba. Mu mun yi da uwargida maganar cefane da kuɗin makaranta sai bayan isha, an ci an sha. Da muka zauna ɗin ne na gane ita ma tata kwaryar a cike take: hayaƙin murhu a ido tun safe, kukan yara, ga goyo a wannan zafin. Yanzu in na huce nakan kwashe yaran zuwa dakali, ita ma ta watsa ruwa ta sa turaren wutarta ba mai kiran sunanta.

In kana yawan ciwon kai ta ƙeya ko ƙirji na yi maka nauyi, je asibiti a auna jininka, kada ka tsaya kan ƙirgen numfashi. In kuma abin ya taɓa kaiwa ga ɗaga hannu, to ya wuce dakali, ka sa manya a ciki tun yau.

Har yanzu wata ran nakan kuskure, musamman in inji ya ci mini kuɗin gyara. Amma butar nan, yanzu mai ɓuya bayan randa ce ke kawo ta, kuma ba ta yarda yayanta ya riga ta.