Manchester a tsoffin littattafai, da mu da ba a rubuta ba

Taubashi, na san da zolaya ka yi tambayar nan, amma da gaske zan amsa. Ka ce wane tarihi gare mu a Manchester ban da ƙwallo, kuma in an buɗe tsoffin littattafan garin ina sunan Bahaushe a ciki. Babu, na riga ka faɗa. Sai dai ka tsaya ka ji yadda aka rubuta garin shi kansa tukuna.

A kundin ƙidayar da Sarki William na Ingila ya sa aka yi a 1086 don ya san harajin da zai tatsa, abin da aka ce game da Manchester bai taka kara ya karya ba: coci biyu da ɗan filin da ke hannunsu. Bayan shekara ɗari shida da wani abu, Daniel Defoe ya zaga ƙasar yana rubuta abin da ya gani, littafinsa ya fito tsakanin 1724 da 1727. Ya tarar da gari maƙil da jama'a, sana'ar saƙa na ci, amma sai ya kira shi ƙauye, wai ƙauyen da ya fi kowane girma a Ingila. Hujjarsa ba ganuwa, ba hukumar gari, ba wakili a majalisar ƙasa. Ashe su ma da ganuwa suke auna mutane, kamar ku 'yan cikin birni da kuke ganin duk wanda ya kwana a waje baƙo ne. Sai a 1832 garin ya sami wakilai, a 1853 aka ba shi matsayin birni.

Waɗanda suka biyo baya hanci suka toshe. Bafaranshen nan Tocqueville ya zo a 1835, ya kwatanta garin da magudanar ƙazanta da zinariya ke fita daga cikinta. Engels, ɗan Jamus, ya wallafa nasa a 1845, ya zayyana unguwar mutanen Ireland da ke bakin kogin Medlock, hayaƙi da danshi da aladu a ƙofar ɗaki. Su ne baƙin lokacin, kuma bai raga musu ba, alhali da 'yarsu Mary Burns ya yi zamansa shekara da shekaru. Ka riƙe wannan, za mu zo maganar aure.

Akwai kuma kundayen bayanin garuruwa, irin na Samuel Lewis na 1831 da na John Marius Wilson na wajen 1870. Su ba ruwansu da yabo ko zagi. Nisan gari daga Landan, ranakun kasuwa, yawan coci, yawan mutane, jirgin ƙasa, shi ke nan. Da na karanta su sai na tuna irin wanda jami'an mulkin mallaka suka haɗa kan Lardin Kano a 1921: hakimai, gundumomi, haraji. Wanda ke cikin gida, da abin da ake dafawa, da harshen da uwa ke yi wa ɗanta faɗa da shi, ba ya shiga irin wannan rubutu. To mu a nan muke zaune.

Kuma kada ka ɗauka jiya muka san juna da garin nan. Da Barth, matafiyin nan ɗan Jamus, ya shiga kasuwar Kano a 1851 ya ga yadin Manchester a rumfuna, an ƙetaro da shi Sahara a kan raƙuma. Daga baya audugar Zariya da Funtuwa ta riƙa tahowa masaƙun yankin nan, ta koma muku alawayyo da akoko. Shi kansa Baba wannan hanya ce ta kawo shi, daga wata masaƙa a Kaduna aka turo shi koyon aikin inji, da niyyar ya koma. Bai koma ba. Har ya rasu akwai akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa da yake kira kayan tafiya gida. Da muka buɗe, babbar riga ce 'yar Kura, baƙa sidik, shuninta na kama hannu, da hula, da takardun albashi.

Maganar auren ƙanwata da har yau kuke ta yi da ita. E, Bature ta aura, ɗan Salford da ke maƙwabtaka da Manchester, kuma ya musulunta kafin ya san ta, ba don ita ba. A masallaci aka ɗaura, da waliyyi da shaidu da sadaki, aka raba goro da dabino. Lefe kuwa Gwaggo ta tsaya kai da fata sai da ya cika akwatuna, bawan Allah yana ta tambaya me za a yi da atamfa haka. Yau shi ke kai Inna asibiti, yana durƙusawa ya gaishe ta. Hausawan zangon Kumasi da na Sudan sun daɗe suna auren mutanen gari, ban ji kun kore su daga Hausa ba. Namu ne ya tsaya muku a rai don fata fara ce.

Harshe kam ba zan yi maka ƙarya ba, yara suna ji sarai amma da Turanci suke mayarwa. Abin na damuna. Sai dai na zo Abuja na ga 'ya'yan manyanku, a tsakiyar Nijeriya, ba sa iya ƙirga goma da Hausa, kuma ba wanda ya ce sun ɓata. Mu a nan ranar suna ana yanka rago, ana kwana ana tuƙa tuwo, in an yi rasuwa kafin azahar gida ya cika da mutane daga Leeds da Liverpool. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne da kuka ce mun yar da Baba a ƙasar arna don ba mu kawo gawarsa gida ba. A maƙabartar Musulmi yake, yana fuskantar alƙibla, sahu-sahu aka sallace shi a ruwan sama.

In Hajiya za ta taho bayan salla, ka haɗo ta da kuka da daddawa daga Dawanau. Ta shagunan Cheetham Hill ba ta da ƙamshi, kuma kada ka sake aiko mini da yaji a gorar ruwa, wancan karon sai da aka tsare ta a filin jirgi ana shinshinawa.