Intel ya fi AMD ciniki, to me ya sa yake asara?

Ɗan'uwa, ka ce kana mamakin yadda kamfanin Intel ya fi kamfanin AMD sayar da firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, amma a 2024 ya tafka asarar kusan dala biliyan 19, AMD kuwa ya ci riba.

Ciniki daban, riba daban. Intel shi ke tsara firosesa, shi ke ƙera ta a masana'antunsa. Gina masana'anta ɗaya ta zamani na cin biliyoyin daloli, kuma ko an yi ciniki ko ba a yi ba, injinan nan suna cin kuɗi. AMD ya sauke wannan kaya tun 2009, ya ware masana'antunsa suka zama GlobalFoundries. Yanzu zane yake yi, TSMC na Taiwan ya ƙera masa. Da Intel ya yi jinkiri wajen ƙanƙanta transistocinsa, wato ƙananan makunnan lantarki da ke cikin firosesa, sai TSMC ya sha gabansa.

Sannan romon ba a laftof yake ba, yana cikin manyan kwamfutocin cibiyoyin bayanai. Can firosesar EPYC ta AMD ta yagi kason Xeon ta Intel tun daga 2017. Apple ma ya fara barin firosesar Intel ya koma tasa mai suna M1 a 2020, kuɗin ƙirƙirarriyar basira kuma suka kwarara wajen Nvidia, kamfanin da ke tsara na'urorin da take aiki da su.

Kuskuren da nake yawan gani shi ne auna ingancin firosesa da ribar kamfani. In kwamfuta za ka saya, duba gwajin ainihin samfurin. In kuwa hannun jari kake hari, rahoton ribar kamfani na wata uku bai isa ba. Nemi mai ba da shawara kan zuba jari mai lasisi kafin ka saka kuɗinka.