Amsar Kawu ga Sabon Wakilin Babban Sinod

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na yi murna da jin cewa sinod ɗin dayosis ya sa sunanka cikin waɗanda za su wakilce mu a Babban Sinod na Ikilisiyar Angilikan. Allah ya sa albarka. Abu biyu ka tambaya: yadda wakili yake wuni a wurin, da kuma ko ya dace yaro kamarka ya miƙe ya yi magana a gaban bishop-bishop, tunda a gida an hore ka kada ka ɗaga murya inda manya suke zaune. Ta biyun ta fi nauyi, amma sai ka san fasalin wurin kafin amsarta ta zauna maka.

Da farko kada ka haɗa shi da DIVCCON, taron nan na Abuja da aka fara a 2011 zamanin da Baba Nicholas Okoh yake shugabancin ikilisiyar. Wancan taron koyarwa ne da addu'a, kowa yana iya zuwa, ba a kaɗa ƙuri'a. Babban Sinod kuwa majalisar dokokin Ikilisiyar Angilikan ta Najeriya ce. Tun 24 ga Fabrairu 1979 ikilisiyar ta tsaya da ƙafarta, yau tana da larduna 14 da dayosis sama da 160, wato yankunan da kowanne yake ƙarƙashin bishop guda, kuma shekara uku-uku wakilansu suke haɗuwa, yawanci a watan Satumba. A tsakani Zaunannen Kwamiti ne yake riƙe da aiki, yana zama sau biyu a shekara. Wurin taron yana zagayawa: an yi a Inugu a 2014, an yi a Fatakwal a 2017. Majalisar kanta ta kasu zaure uku, na bishop-bishop, na firistoci, da na membobi, wato naku da ba a keɓe ku ba. Firamet, wato shugaban ikilisiyar baki ɗaya, shi ne yake shugabanta, a yanzu Baba Henry Ndukuba, wanda ya daɗe yana bishop na Gombe kafin ya hau a 2020, saboda haka Arewa ba baƙuwarsa ba ce.

Wani abin da sababbin wakilai kan ɗauka shi ne za su zaɓi bishop ko Firamet. A'a. Wannan aikin bishop-bishop ne a nasu zaman. Naku shi ne dokoki, kuɗi, rahotanni da manufofin ikilisiya. Kada ka raina shi. A Babban Sinod na Onicha, 2005, aka gyara kundin tsarin ikilisiyar aka cire wuraren da suka ɗaure zumuncinmu da kujerar Akbishop na Kantabari a Ingila, aka ɗora shi a kan riƙon koyarwar Littafi Mai Tsarki. Irin kujerar da za ka zauna a kai ce ta yi wannan.

Wuninka daga daren jiya yake farawa. Ran isowa za ka yi rajista, a ba ka katin wuya da jaka mai ɗauke da tsarin taro da kundin rahotanni. Katin nan kada ya bar wuyanka, da shi ake shiga zaure, da shi ake cin abinci. Kundin yana da kauri, kuma ba mai iya karance shi a dare ɗaya. Ka buɗe tsarin gobe, ka ga rahotannin da za a kawo, ka karanta su kaɗai da biro a hannu. Ka fara da na ma'aji: ka nemo layin dayosis ɗinmu a jerin kuɗin da ake yanka wa kowace dayosis, ka duba abin da aka ce mun biya da abin da aka ce ana binmu, ka kwatanta da takardar da ma'ajin dayosis ya ba ka tun daga gida. In bai ba ka ba, ka nema kafin ka tashi. Da an karɓi rahoto a zaure ya zama abin da aka amince da shi, gyara shi daga baya wahala ne. Tun ran gini ake zane.

Ka tashi wajen ƙarfe biyar. Masaukin wakilai yakan watsu a otal-otal da gidajen baƙi, motar da dayosis mai masaukin baƙi ta tanada kuma ba ta jiran kowa. Da Jibin Ubangiji ake buɗe wuni, yawanci kafin karin kumallo, sai nazarin Littafi Mai Tsarki a kan jigon taron. Ka riƙe Littafinka da Littafin Addu'a, da ƙananan takardun kuɗi na baiko, wato bayarwar sujada, da ka rarraba tun a ɗaki, domin baikon ba ɗaya ba ne, kuma abin kunya ne mutum ya tsaya neman canji a bakin faranti. Kaftani mai tsabta ko kwat ya wadatar, babbar riga ka ajiye ta don sujadar buɗewa da ta rufewa. Hula kuwa a aljihu take zama muddin kana cikin majami'a. Mata su ne masu rufe kai. Satumba damina ce sosai a Kudu, ka tafi da laima da takalmin da ba ya tsoron ruwa.

A sujadar buɗewa za ka ga jerin shiga, kuma a nan baƙo yake rikicewa. Gicciye ne a gaba, sai mawaƙa, sai firistoci daga ƙarami zuwa babba, kanon-kanon, akdikin-akdikin, sai lauyoyin ikilisiya da hular gashi da baƙar riga, wato Cansila da Rajistara, sai bishop-bishop, sai akbishop-akbishop, Firamet a can ƙarshe. A hanyar gida babba ne a gaba, amma a nan tsarin irin na hawan sarki ne, ba ka ganin laima sai dawakai sun gama wucewa. Kai ba ka cikin jerin. Ka kasance a kujerarka kafin a fara, ka miƙe idan sun shigo, kada ka ratsa ta tsakiyarsu ko da wurin zamanka yana ɗaya gefen, kada kuma ka tare hanya da waya kana ɗaukar hoto.

Ranar farko Firamet yakan karanta jawabinsa. Yana da tsawo, yakan haura awa guda, kuma daga cikinsa ake ciro yawancin abin da za a tattauna. Za a raba ku rukuni-rukuni, kowane da nasa sashen. Ka kula da nan sosai. A babban zaure mutane ɗaruruwa ne, mai yiwuwa ka ɗaga hannu wuni guda ba a kira ka ba. A rukuni kuwa ba ku da yawa, kowa yana samun baki, kuma abin da sakataren rukuni ya rubuta shi ne yake isa babban zaure. Maganar majami'un karkara da ba su da firist, ko katikis da ya yi watanni ba albashi, ko ikilisiyoyin da rashin tsaro ya tarwatsa, a nan ake shigar da ita. Kafin a tashi ka roƙi sakataren ya karanto abin da ya rubuta, don sau da yawa ana faɗin magana a ɗauka ta shiga, alhali biro bai taɓa ta ba.

To, ga tambayarka ta ladabi. Tarbiyyar da aka yi maka daidai ce, kuma za ka yi amfani da ita a farfajiya da wurin cin abinci: ka rusuna wa bishop, ka ce Baba, ka ce wa matarsa Mama, ka ba su hanya, ka karɓi jakar dattijo. Amma da ka shiga zaure da katin nan a wuya, kai ɗan aike ne, kuma ɗan aiken da ya isa gaban sarki ya haɗiye saƙo don kunya ya ci amanar wanda ya aiko shi. An yi zauren membobi ne musamman domin kada a yanke abin da ya shafi ikilisiya ba da yawun masu cika kujerun ran Lahadi ba. Shi ya sa a manyan batutuwa akan kaɗa ƙuri'a zaure-zaure, kuma sai kowane zaure ya yarda abu yake wucewa. Bishop-bishop su kaɗai ba sa iya zartar da irin wannan. A ganina babban cikas ɗin wakilanmu na Arewa shi ne wannan shirun. Kunya da shakkar Turanci sukan sa mu koma kujerun baya, a gama a tashi, mu dawo muna cewa ba a tuna da mu ba.

Zauren yana da nasa ladabin, wanda ya fi na gida tsauri ma. Ka ɗaga hannu ka jira shugaban zama ya kira ka. Ka je wurin makirfo, ka gaida kujera, da Turanci ake yi: akbishop Your Grace, bishop My Lord. Ka faɗi sunanka, dayosis ɗinka da zaurenka. Daga nan magana ɗaya tak, wadda ka riga ka rubuta a takarda, da ba za ta wuce minti biyu ba. Inda namu suke faɗuwa shi ne doguwar gaisuwa: mutum ya gaida Firamet, ya gaida akbishop-akbishop, ya gode wa masu masauki, ya yabi abinci, kafin ya kai ga abin da ya tayar da shi an ce lokacinsa ya ƙare. Kuma shugaban zama kake fuskanta koyaushe, ko da kana amsa maganar wani ne. Ba ka juya ka ce wa bishop ya yi kuskure. Kana cewa ne shafi kaza na rahoto ya nuna adadi kaza, kana roƙon a duba. Da haka ka faɗi gaskiya ba ka ci fuskar kowa ba. In shugaban zama ya fara magana, ko Cansila ya tashi bayanin doka, ka yi shiru nan take ka zauna. Bisa al'ada sau ɗaya mutum yake magana a kan ƙudiri guda, saboda haka kada ka ɓarnatar da damarka a kan maimaita abin da wani ya riga ya faɗa.

Abu ɗaya ne ba ka yi ko kusa: ka ba bishop ɗinka mamaki a bainar jama'a. In kana da abin da za ka tayar, musamman wanda ya saɓa wa ra'ayinsa, ka same shi da daddare ko a kan karin kumallo ka faɗa masa. Ƙuri'arka taka ce, ba wanda zai ƙwace ta, amma ya ji daga bakinka tukuna. Sau da yawa ma shi zai nuna maka wanda zai mara maka baya daga wata dayosis, domin ƙudirin da ba a mara masa baya ba a nan yake mutuwa, ko tattauna shi ba a yi. Ka rubuta ƙudirin a takarda biyu, ɗaya ga teburin sakatare, ɗaya a hannunka.

Wajen ƙuri'a ka buɗe kunne. Idan wani ya kawo gyara a kan ƙudiri, gyaran ake fara yankewa, sannan a dawo kan ƙudirin kansa. Mutane da yawa sukan amsa da ƙarfi suna zaton uwar maganar ake tambaya, ashe gyaran da ya lalata ta suka amince da shi. In ba ka gane abin da ake tambaya ba, kana da ikon roƙon a sake karantawa, kuma rabin zauren zai gode maka a zuci. Yawanci da murya ake yi, sai in an kasa bambancewa a ƙirga hannuwa.

Abincin rana shi ne abokin gabar wakili. Masu masauki sukan yi bajinta, sakwara da miya mai nauyi, ga barkono. Zaman da ke biye, daga wajen ƙarfe biyu zuwa huɗu, sau da yawa a nan rahotannin kuɗi da na kwamitoci suke faɗowa, lokacin da ido yake rufewa da kansa. Ka ci kaɗan, ka sha ruwa, ka ajiye goro ko alewa a aljihu. Kada kuma ka manne wa 'yan dayosis ɗinmu a tebur kullum. Ka zauna da na Owerri yau, gobe da na Ibadan, don majami'u da makarantu da yawa a Arewa ta irin wannan hirar suka sami masu tallafa musu. Amma kada ka mai da kanka mai bara da takardar neman taimako, wannan ta hannun bishop take bi.

Da yamma akan koma zaure, wani lokaci kowane zaure ya keɓe ya yi nasa zaman, sannan a rufe da addu'ar yamma. Iyaye mata na Mothers' Union suna nasu taron a gefe ƙarƙashin matar Firamet, wadda ake kira Mama Najeriya. In ka koma ɗaki, kafin barci, ka rubuta abu uku a littafinka: me aka yanke yau, me ya shafi dayosis ɗinmu a ciki, wa aka ɗora wa aiwatarwa. Minti goma sha biyar ya isa. Ka sa waya a caji, ka karanta na gobe.

Ranar ƙarshe ce ake karanta sanarwar bayan taro da wasiƙar da za a aika wa ikilisiyoyi, ana bin su sakin layi bayan sakin layi ana gyarawa. Ita ce kuma ranar da namu suke sulalewa tun da asuba saboda nisan hanya da gudun tafiyar dare. Dalilin gaskiya ne, amma maganinsa shi ne ku shirya kwana ɗaya na ƙari tun daga gida, a sa kuɗinsa cikin guzuri, ku kama hanya washegari da sassafe. In ba ku nan aka karanta sakin layin da ya shafi tsaro a Arewa, yadda wanda bai taɓa kwana a can ba ya rubuta shi haka zai fita duniya.

Ka adana rasit na mota, na masauki da na rajista a ambulan ɗaya don ma'aji. Cikin mako biyu da dawowarka ka miƙa wa bishop da hukumar dayosis rahoto na shafi biyu, ka kuma shirya na baka da Hausa don majami'un karkara, waɗanda su ma da baikonsu aka biya kuɗin motarka. Kundin rahotannin kada ka bar shi a otal saboda nauyi, ka kawo wa ofishin dayosis, wakilin da zai biyo bayanka zai neme shi.

Ka gaida mahaifiyarka da kyau, ka ce mata ta haɗa maka da yaji da ƙuli-ƙuli.

Kawunka.